WANDA YA CINNA WA DAJI WUTA DON ZOMO BA MAFARAUCI BA NE

Jama'ar Baleyara, Filinge da ƙasar Kurfai baki ɗaya, kaka ta wuce, iskar hunturu ta taso, kuma mun san abin da ke biyo baya: hayaƙi a daji. Ka tambaya, a ce maka samari ne ke neman zomo.

To, bari mu faɗa musu gaskiya. Farautar zomo sani ce, ba ashana ba. Mafaraucin ƙwarai da sassafe yake fita, tun iska ba ta shafe rairayi ba. Ya san in zomo na gudu, sawun ƙafafunsa na baya ne ke faɗawa gaban na gaba, da haka yake gane inda ya dosa. Ya san zomo ba ya gina rami, lafewa yake yi gindin sabara ko geza. Ya san yana komowa bisa sawunsa, ya yi tsalle gefe don ya ɓatar da kare. Da kere da kare guda ake kama shi, daji kuwa yana nan yadda aka tarar da shi. Shi ya sa aka ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Mai wuta fa? Don naman da ba ya cika tukunya, sai ya ƙone ciyawar da za ta riƙe garke har faɗuwar damina. 'Ya'yan zomo da uwa ke ɓoyewa cikin ciyawa, da bushiya, da ƙananan itatuwa, duk su tafi. Ranar Lahadi ka shiga kasuwar Baleyara cikin bazara, ka ga saniya ƙashi da fata ana taya ta kuɗin banza. Makiyayi ne ya biya kuɗin zomon nan.

Wasu za su ce talauci ne, kuma farauta gado ce. Ba mu musa ba. Amma gadon wa ne haska zomo da fitilar moto cikin dare? Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta hana farauta da wuta, da ta dare, da ta bisa abin hawa mai inji.

Kada kuma a ce daji ba ya ƙarewa. Raƙuman dawan Kure, nan kusa da mu, saura 49 kacal suka yi a 1996, sai da aka tashi tsaye kafin su farfaɗo.

Muna kira ga sarakunan dawa da masu gari: ku koya wa yara bin sawu, ku tsawata wa mai ashana, in ya ƙi ku kai shi gaban ma'aikatan gandun daji. A share hanyoyin tare gobara tun ciyawa ba ta gama bushewa ba.

Allah ya tsare mana dajinmu da bisashenmu.