Sharhi: Curarren Gawayi da Makomar Itatuwan Illela

Duk wanda ke bin hanyar Sakkwato zuwa Illela ya san yadda amalanke da motoci ke jigilar itacen girki ba dare ba rana. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar rayuwa ta sa gidaje da dama sun jingine risho da tukunyar gas, sun koma ga murhu. Ƙaramar hukumar Illela, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane fiye da 150,000, tana kan iyaka da Birnin Ƙonni, a bakin hamada. Kowane bagaruwa ko gawo da aka sare a nan, ƙofa ce aka buɗe wa rairayi.

Wannan ne ya sa muke jawo hankalin jama'a ga curarren gawayi, wanda ake yi da buntun shinkafa, totuwar masara, ɓawon gyaɗa da garin katako. Ana zuba su cikin ganga mai 'yan huji, a kunna wuta, a rufe domin su zama gawayi maimakon toka. Sai a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da kunun rogo ko ƙaro, a cura, a shanya har ya bushe sarai. Yana daɗewa yana ci, hayaƙinsa kuma bai kai na ɗanyen itace ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya hallaka mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Sai dai akwai abin lura. A Illela, karan gero da harawa ba shara ba ne. Abincin dabbobi ne a garin da ya shahara da kasuwar shanu, kuma da kara ake yin danga. Kashin shanu ma taki ne da gona ke jira. Idan aka ƙone waɗannan, an yi gyaran gangar auzinawa. Abin da ya dace shi ne a dogara ga buntun da ke jibge a injinan casar shinkafa na yankunan fadama kamar Wurno da Goronyo, da garin katakon kafintoci. Ke nan kuɗin dako ne zai yanke hukunci: muddin curin ya fi itace tsada, uwargida ba za ta saya ba.

Ilimin kuwa yana gida. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana aiki kan ingantattun murahu da makamashin da ake sabuntawa. Haka nan Sakkwato na cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda aka kafa wa hukuma a 2015. Amma dashe ba zai yi tasiri ba matuƙar gatari ya fi shuka sauri.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi, uwayen ƙasa da hakimai da su haɗa mata da matasa cikin ƙungiyoyin gama kai, su nemo masu horo da gangunan aiki, su ware masu rumfa a kasuwa. Muna kuma gargaɗin jama'a da kada su kwana da gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, domin iskarsa na kisa. Allah Ya kiyashe mu, Ya ba mu damina mai albarka.