A Miƙa wa Mai Cin Abincin Kyamara

Hanyar da masana suka saba bi idan suna son sanin abin da jama'a ke ci ita ce su zo da takardar tambayoyi, su ce wa mutum ya lissafo duk abin da ya shiga bakinsa a sa'o'i 24 da suka wuce. Hanya ce mai amfani, amma tana da giɓi. Mutum yakan tuna tuwon dare, ya manta da gyaɗar da ya tauna a hanya. Abin da ya fi wannan muni, takardar ba ta faɗin dalilin da ya sa ya ci wannan ya bar wancan.

A farkon shekarun 1990 ne wasu masu bincike biyu, Caroline Wang da Mary Ann Burris, suka raba wa matan karkara kyamarori a lardin Yunnan na ƙasar Sin, suka ce su ɗauki hoton rayuwarsu da kansu, sa'an nan a zauna su yi bayanin kowane hoto. Wannan dabara, wadda za mu iya kira "hoto mai magana", ta shiga fagen nazarin abinci. An gwada ta a unguwannin talakawa na Accra da Ho a Ghana, da Nairobi a Kenya, aka wallafa sakamakon a 2021. Abin da ya fi damun masu ɗaukar hotunan shi ne ƙazantar wuraren sayar da abinci, da algus, da tsada. Wato mutum yana iya sanin amfanin ganye sarai, ya ƙi saye domin ya ga an shimfiɗa shi a bakin kwata.

A ganina nan ne darajar dabarar take. Mun daɗe muna ɗora wa jahilci laifin rashin cin abinci mai gina jiki, muna ta yi wa mutane lacca a kan sinadarai, alhali sau da yawa matsalar tana kasuwa ne da aljihu.

Sai dai kada a ɗauka hoto zai maye gurbin ma'auni. Ba zai nuna yawan gishiri ko man da ke cikin miya ba, kuma ɗan Adam ya fi son ɗaukar abin da ya burge shi ko ya ɓata masa rai, ya tsallake abin da ya saba gani kullum.

Malaman kimiyyar halittu a makarantun sakandare za su iya gwada wannan da waya ɗaya ko biyu. A sa ɗalibai su ɗauki abin da ake sayarwa tsakanin gida da ƙofar makaranta har mako guda: ƙosai, awara, lemon kwalba, ruwan leda. Daga nan a tattauna a aji: me ya fi arha, me ya fi kusa, me babu shi sam? Sharaɗi guda ne ba a sassautawa: ba a ɗaukar fuskar kowa ko tiren tallarsa sai da izininsa, domin wannan sana'a da ita yake ciyar da gidansa.