Ƙoton Kwaikwayo: Wane Suna Ya Dace da Baƙon Kayan Su?

Wata rana wani ɗalibina a nan Tudun Wadan Zariya ya kawo mini wani abu da yayansa ya zo da shi daga Legas. Da ganinsa sai ka ce ɗan siririn kifi ne, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa biyu a haɗe ba, ga idanu, ga ƙyalli irin na azurfa, sai dai ƙugiyoyi na reto a cikinsa da wutsiyarsa. Ya tambaye ni sunansa da Hausa. Wannan tambaya ce ta haifar da wannan rubutu.

Shi dai wannan abu ƙoto ne da masu fatsa a teku ke amfani da shi. Akan yi shi da itace mara nauyi ko da roba. A ƙarƙashin bakinsa akwai wani ɗan leɓe wanda, idan aka jawo zare, yakan sa shi ya nutse yana karkaɗa kamar kifin da ya ji rauni. Manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu sai su kai masa cafka, ƙugiya ta kama su. Da yake ruwan gishiri na cin ƙarfe, akan yi wa na teku ƙugiyoyin da ba sa saurin tsatsa. Wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, shi ya sassaƙa irinsa da ya fi shahara a shekarar 1936, bayan ya lura cewa babban kifi ya fi kai wa raunanan hari.

Wani zai ce, ina ruwan Bahaushe da kayan teku, alhali Kubanni da Galma ne kogunanmu? Wannan tunanin kifin rijiya ne. Da farko, Hausawa sun daɗe da zama a Legas da Ankara da Kwatano, duk a bakin teku. Na biyu, giwan ruwa da tsage, waɗanda ke cikin kogunanmu, su ma suna cafkar irin wannan ƙoto. Na uku, harshen da ya kasa raɗa wa sabon kayan sana'a suna, sannu a hankali masu sana'ar za su ajiye shi su ɗauki wani.

Hanyoyi uku ne a gabanmu. Ta farko ita ce aron kalmar Ingilishi. Aro ba laifi ba ne, amma bai kamata a yi shi ba sai in babu na gida, kuma su sana'a ce mai yalwar kalmomi: fatsa, mamari, birgi, taru, koma, mali. Ta biyu ita ce a ce "kifin roba". Wannan suna ya faɗi siffa, bai faɗi aiki ba, ga shi kuma ba kowanne ne na roba ba. Ta uku ita ce faɗaɗa ma'anar kalmar da muke da ita, kamar yadda magabata suka ɗauki "jirgi" daga ruwa suka samar da "jirgin ƙasa" da "jirgin sama". A nawa ra'ayi wannan ce ta fi dacewa. Muna da "ƙoto", wato tana ko ɗan kifin da ake maƙala wa ƙugiya. Idan muka ce "ƙoton kwaikwayo", duk wanda ya san wasan kwaikwayo zai gane cewa abu ne da ke shigar burtu, ba na gaske ba.

Sai dai malami shawara kawai yake bayarwa. Masu harshe ke yanke hukunci. Mai yiwuwa ne masuntan da suka fara riƙa shi sun riga sun ba shi sunan da ya fi nawa daɗin faɗa. Saboda haka, ya ku ɗalibai, malaman gobe, ku je bakin Galma ku zauna da masunta, ku nuna musu, ku saurara, ku rubuta abin da suka ce. In sun zo da nasu suna, a ajiye nawa a ɗauki nasu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.