Zauren Iyali: Yaranmu da Abincin Baƙi



Yaro da yawa, in an ajiye masa abin da bai saba gani ba, sai ya ture kwano tun bai ɗanɗana ba. Irinsa ne ke ramewa a makarantar kwana, shi ne kuma ke yi wa abincin ɗan wata kabila dariya. Duka ba ya maganin wannan. Amma mun lura yaro ba ya cika ƙin abin da hannunsa ya yi. Saboda haka a wannan wata za mu ɗauki darasi daga ƙasar Japan.

Mutanen Japan suna da abinci mai suna sushi. Mutane da yawa suna tsammani ɗanyen kifi ne kawai, alhali tushensa shinkafa ce mai ɗan tsami. A zamanin dā, hanyar adana kifi ce: a sa masa gishiri, a binne shi cikin dafaffiyar shinkafa wata da watanni har ta yi tsami. Daga baya aka koma zuba wa shinkafar binega, wato ruwan tsami, a ci nan take. A gidajensu uwa takan jera shinkafa, da kayan haɗi, da busasshen ganyen teku mai suna nori, kowane yaro ya naɗe nasa. A shekarar 2005 ma ƙasar ta kafa doka a kan koya wa jama'a sanin abinci, musamman yara.

Ga yadda za mu gwada. A dafa shinkafar tuwo gwangwanin madara biyu, ta yi laushi amma kada a tuƙa. A haɗa binega babban cokali uku, sukari cokali biyu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a gauraya da shinkafar tun tana da zafi. In babu binega, ruwan lemun tsami ya wadatar, a rage yawansa. A ba yaro mafici ya yi ta fifita har ta huce. Inda ba a samun nori, a soya ƙwai fale-fale a naɗe da shi. Su ma Japanawa suna yin haka. A yanka kokwamba da karas siri-siri, a kawo dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya. Yara su wanke hannu da sabulu, su jiƙa tafinsu don kada shinkafa ta manne, kowa ya naɗe nasa. Wuƙa da wuta kuwa aikin manya ne.

Gargaɗi biyu. Kada a ba yaro ɗanyen kifi, balle na kogi ko tafki, gama yana iya ɗauke da tsutsa. Kada kuma a bar shinkafar ta wuni cikin zafi. A ci da zarar an gama.

In yaro ya naɗe ya ƙi ci, kada a tilasta masa. A yaba aikinsa, baba ya ci a gabansa, a sake gwadawa wani mako. Wani yaron sai ya ga abu sau goma kafin ya yarda da shi.

Batun ya wuce na ciki. A Ayyukan Manzanni sura 10, ta wurin wahayin abinci ne Allah ya shirya Bitrus ya shiga gidan Karniliyus, mutumin wata al'umma, a sura 11 kuwa 'yan'uwa suka zarge shi don ya ci tare da su. Wanda ke ƙyamar kwanon mutum, da wuya ya zauna da shi har ya gaya masa bishara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin a ci, bari ƙaramin gidan ya yi addu'ar godiya, ya kuma tuna da yaran Japan.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.