Baƙon Da Ciwo Ya Kama A Kasuwar Maigatari: Haƙƙinsa Yana Wuyan Wa?

Muna so a wannan wata mu ja hankali zuwa ga wani al'amari da ido ya saba da shi har ya daina ganinsa, wato halin da baƙo yake shiga idan rashin lafiya ta riske shi a ƙasar Gumel alhali ya baro garinsu, ya baro likitan da ya san jikinsa.

Kowace Alhamis kasuwar Maigatari takan cika da fatake daga Damagaram da sauran sassan Nijar, da dillalan shanu da raƙuma, da direbobin da za su yi lodin dabbobi zuwa Kudu. Mutum ya kwana a hanya, ya wuni cikin rana da ƙura, zazzaɓi ya rufe shi, ga ciniki bai ƙare ba, ga mota tana jira. Abu biyu kawai yake nema, sauri da araha. To a nan ne mai tallan magani a faranti ko a bayan babur yake samun kasuwarsa, ya haɗa masa ƙwayoyi kala huɗu ko biyar a leda, ba suna ba ƙa'ida, ya ce ya watsa su gaba ɗaya.

Haƙiƙa wannan araha yaudara ce, kuma ga dalilanmu. Mafi yawan magunguna an rubuta a jikin kwalinsu cewa a ajiye su a inda zafi bai wuce digiri 30 ba, alhali zafin Afrilu a wannan yanki yakan haura 40. Wane ƙarfi ya rage wa ƙwayar da ta yi makonni tana gasuwa a faranti? Sannan tun shekarar 2005 Nijeriya ta janye kulorakwin daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da magani. Gwajin nan ɗigon jini ne daga yatsa, cikin kamar minti 15 sakamako ya fito, kuma ana yin sa a ƙananan asibitocin gwamnati. Wanda ya tsaya sa'a guda yana taya sa a kara bai kamata ya ce minti 15 sun yi masa yawa ba.

Mafi haɗari kuma shi ne ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da Jigawa ta fi kowace jiha a Nijeriya yawan waɗanda ake zaton sun kamu da sanƙarau, bayan cutar ta ɓarke a jihar Damagaram da muke maƙwabtaka da ita. Sanƙarau takan fara da zazzaɓi da ciwon kai kamar sauran, sai sandarewar wuya ta biyo, kuma tana iya kashe mutum cikin kwana guda. Ƙwayar da za ta kwantar masa da ciwon kai na 'yan sa'o'i ita ce za ta cinye lokacin da ya kamata a ce yana kan gado a Babban Asibitin Gumel.

Wani zai ce ai akwai kemis, kuma ya fi mai faranti. Gaskiya ne ya fi, matuƙar mai shi yana da lasisi kuma ya tsaya a iyakarsa. Sai dai lasisin nan bai ba shi izinin yin allura ko ƙarin ruwa ba. Wani kuma zai ce asibiti akwai layi, akwai kuɗin kati, wani lokaci a rubuta maka magani ka fita waje ka saya. Wannan ma ba mu musa ba, kuma kira ne ga hukuma da ta ƙara ma'aikata a ranar kasuwa. Amma ya kamata jama'a su sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda yake cikin halin gaggawa, ko da wane dalili.

To haƙƙin baƙon yana wuyan wa? Mu a ganinmu yana wuyan mai masaukinsa kafin kowa. Baƙo bai san hanyar asibiti ba, wataƙila ma kuɗinsa yana maƙale a dabbar da ba a saya ba tukuna. Fatoman da ya sauke shi, da dillalin da zai ci la'ada a kansa, su suka san gari. Abin kunya ne a ce an san inda za a ɗaure masa sa, an rasa wanda zai ɗauke shi a babur zuwa wajen gwaji. Kuma matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin jinsi 8 da aka ambata a Suratut Tauba cewa suna da rabo a zakka, ko da mawadaci ne a garinsu. Me zai hana ƙungiyoyin dillalai da na direbobi a Maigatari da Gumel su ware wani abu daga kuɗin da suke tarawa domin katin baƙo da maganinsa?

Shi ma matafiyi akwai nasa nauyin, haka ɗan Gagarawa ko Sule Tankarkar da zai tafi cirani Legas. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganin da zai ishe shi har ya dawo, ya riƙe katinsa da kwalin maganin, domin ma'aikacin da bai taɓa ganinsa ba ya san inda zai ɗora. Ya kuma ware kuɗin asibiti daban da uwar kuɗin fatauci tun daga gida.

Kasuwa ba ta ci sai da baƙo, kuma baƙon da aka kula da shi ranar da ya kwanta shi ne zai dawo da wasu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mai da matafiya gidajensu cikin aminci, amin.