Laifin Wa Ne In Koriyar Mesa Ta Sari Mai Ita?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke kiwon macizai a cikin ɗakunansu, kamar yadda ake kiwon aku ko tantabara. Daga cikin macizan da suka fi daraja a wurinsu akwai wata koriyar mesa mai zama a kan bishiya, wadda masana suke kira Morelia viridis. Sau da yawa akan ji ana kushe ta da cewa masifaffiya ce, ba ta san mai ba ta abinci ba. Ni kuwa a ganina wannan hukunci zalunci ne, domin laifin yana wuyan mai kiwon.

Kafin a yi wa dabba shari'a, ya kamata a san asalinta. Mazaunin wannan mesa shi ne dazuzzukan tsibirin Niyu Gini, da waɗansu ƙananan tsibirai na Indonesiya irin su Aru da Biyak, da kuma ƙuryar arewa maso gabashin Ostireliya. Wani masani mai suna Hermann Schlegel shi ya fara bayyana ta ga duniyar ilmi a 1872. Tsawonta yakan kai mita ɗaya da rabi, wani lokaci ya ɗara. 'Ya'yanta rawaya ko jajaye ake ƙyanƙyashe su, sai sun tasa sa'an nan su rikiɗe su koma kore. Da rana takan naɗe jikinta bisa reshe kamar sirdi, ta ɗora kanta a tsakiya, ta wuni ba motsi. In dare ya yi sai ta sunkuyo da kai tana dakon ɓera ko ƙadangare.

To, a nan ne maganar take. Wannan mesa ba ta da dafi, makaminta dogayen haƙora ne masu lanƙwasa zuwa ciki. Bugu da ƙari, a leɓunanta akwai waɗansu 'yan ramuka da take jin ɗumin jikin abin farauta da su, ko da a cikin duhu ne. Saboda haka in mutum ya zura hannu cikin akwatinta da dare, ita dai abu mai ɗumi ta ji yana matsowa, watau abinci ya zo. In ta kai sara, aikin da aka halicce ta a kansa ta yi. Hausawa sun ce hali zanen dutse, ba kuwa yadda za a yi shekara biyu a cikin akwatin gilashi ta kankare shi.

Masu wata fahimta za su ce ai akwai waɗanda suka yi laushi har ana ɗaukarsu. Gaskiya ne. Masu kiwo sun shaida cewa na Aru sun fi sanyin hali, na Biyak kuwa sun fi saurin fushi, kuma wadda aka ƙyanƙyashe a gida ta fi wadda aka kamo daga daji haƙuri. Amma haƙuri daban, so daban. Mesar da ta ƙyale aka ɗauke ta jurewa kawai take yi, ba abin da ta ƙaru da shi. Hasali ma cutuwa take iya yi, musamman ƙarama, domin ƙashin bayanta ba ƙwari. In aka fizge ta daga reshe alhali ta riƙe shi da wutsiya, bayan na iya karkacewa har iyakar ranta. Don haka ne ƙwararru kan sa mata sandar da ake iya cirewa, in za a share akwati a ɗauke ta tare da sandar. In ɗauka ta zama dole, da rana ake yi, a sa hannu ta ƙarƙashinta, a bar ta ta hau da kanta.

Akwai kuma wani laifin da ya fi wannan girma. Tun 1999 dokar Indonesiya ta ba wannan mesa kariya, ba a yarda a fitar da ita waje ba sai wadda aka haifa a gidan kiwo. Duk da haka, binciken da Lyons da Natusch suka wallafa a 2011 ya nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na waɗanda ake fitarwa a lokacin daga daji aka kamo su, aka bi da su ta gidajen kiwo don a sami takarda. Irin waɗannan sukan iso da tsutsar ciki da ƙishirwa da firgita. Mutum ya saye ta da araha, ta sare shi, sa'an nan ya ce mugun hali ne da ita. Ina adalci a nan?

Shawarata ga duk mai sha'awar wannan halitta ita ce ya tambayi kansa abin da yake nema. In abokin wasa yake so, ga kare ga kyanwa. In kuwa kallon kyawun halittar Ubangiji yake so, to, ya tabbatar da asalin wadda zai saya, ya tanadar mata ɗumi da damshi irin na dajinsu, ya kuma san cewa ya ɗauki amanar da za ta iya kai shekara 15 ko fiye. Bayan haka sai ya tsare hannunsa, ya bar wa ido aikinsa.