Kafin a Saya wa Baba Keken Batir

Dattawanmu da yawa a Harami suka fara ganin keken nan mai batir, inda ake hayarsa don ɗawafi da sa'ayi. Ana dawowa gida sai 'ya'ya su haɗa kuɗi su sayo irinsa. To amma daɓen Harami sumul yake. Lungunanmu kuwa yashi ne da kwatami da dokin ƙofar zaure. Mai ƙafa uku ya fi daɗin juyawa a tsakar gida, sai dai gargada kaɗan ke kifar da shi, don haka ni mai ƙafa huɗu da manyan tayoyi zan zaɓa, ko da ya fi tsada. Gudu ba abin nema ba ne. A Ingila ma doka ta ƙayyade mil 4 a awa a hanyar masu tafiya a ƙasa. Batir ne abin bincike. Awa nawa yake ɗauka ya cika, a garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa? Idan ya mutu, wa ke sayar da irinsa? Kuma kafin a biya, Baba ya hau da kansa, a ga ko yatsunsa na iya danna totur, ko gwiwarsa ta samu wurin miƙewa.